Abin da Ya Rage a Kan Koren Ƙyalle

Fil ɗin, wani ɗan siririn ƙarfe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Yana kwance a cikin ninkin koren ƙyallen, baƙi ƙirin da tsohon mai, kuma Likita ya daɗe yana kallonsa kafin ya yarda da abin da idonsa ya gani. Motar da ya kamata a ce fil ɗin yana jikin birkinta ta bar garejin tun kusan rabin awa.

Ba likita ba ne, bai ma taɓa zama ba. Shekara goma sha tara ya yi yana aikin jinya a ɗakin tiyata, kuma babban aikinsa a can ƙidaya ce. Kafin a ɗinke cikin mutum sai ya ƙirga kowace allura, kowane almakashi da kowane guntun auduga, ya ce sun cika, sannan a rufe. Mutanen gareji ne suka laƙaba masa sunan ranar da ya zo koyon gyaran birki yana da shekara arba'in da biyar, da furfura a gemu da farce tas. Suka yi masa dariya son ransu, sunan kuwa ya bi shi.

Dalilinsa na sauya aiki bai taɓa gamsar da kowa ba. Duk direban da aka kwaso daga hanya aka kawo asibiti, in dai bakinsa na motsi, magana ɗaya yake yi: birki ne ya ƙi. Likita ya ji wannan magana har ta ishe shi, ya ga cewa kullum a ƙarshen labari yake tarar mutane, lokacin da abin da zai faru ya riga ya faru. Da ya ajiye aikin, matarsa ta yi kwana uku tana ajiye masa abinci ba tare da ta kalle shi ba. Yayarsa kuwa har yau in an tambaye ta sai ta ce ƙanenta yana hutu ne.

Abu ɗaya ya taho da shi daga tsohon aikin, wato koren ƙyallen nan. Duk motar da zai taɓa sai ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya jera abin da ya kwance ɗaya bayan ɗaya, in ya gama ya ƙirga, ya tabbata ƙyallen ya koma fayau. Oga, mai garejin, ya shekara talatin yana watsa notoci a cikin wani tsohon kwano yana lalubo su ko kallo ba ya yi, don haka wannan jere-jere ba ƙaramin haushi yake ba shi ba. Yakan ce mota ba ta da hanji, a daina yi mata tiyata.

Yau ne karo na farko, bayan wata goma sha ɗaya, da Oga ya bar masa aiki shi kaɗai ya tafi kasuwar kayan gyara. Motar haya ce mai cin mutum goma sha takwas, a canza mata takalman birki na gaba. Direbanta, wanda ake kira Dogo, mutum ne da ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar yana binka da gudu. Tun da aka ɗaga motar yake zagaye Likita, yana duba agogo, yana cewa layinsa a tasha zai wuce, yana tambaya ko sai an yi wa motar allurar barci tukuna. Ya taka ƙyallen sau biyu. Likita na ɗaure taya ta biyu Dogo ya sauke jak da kansa, ya ce in dai ƙirga ce a yi ta bayan ya tafi. Maƙwabta suka fashe da dariya. Kunya ta kama Likita, kunyar babban mutum da ake yi wa dariya a kan abin da ya fi iyawa, ya ɗan leƙa ƙyallen daga tsaye, ya ga kamar babu komai, ya ɗaga wa Dogo hannu. A duk rayuwarsa ta aiki bai taɓa rufewa ba tare da ƙirga ba sai yau.

Ya san aikin fil ɗin sarai. Akwai wata 'yar sanda ta ƙarfe da ke riƙe takalman birki a mazauninsu, shi kuma fil shi ke hana sandar zarewa. In babu shi birki zai ci gaba da kamawa kamar lafiya lau, sandar tana sulalewa kaɗan-kaɗan da girgizar hanya, har lokacin da direba zai taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa. Ya kuma san hanyar da Dogo ke bi. Bayan an fita gari akwai doguwar gangara mai gada a ƙarshenta. Bai taɓa tuƙi a kanta ba, amma ya san ta ta bakin mutanen da aka riƙa kawo masa daga can.

Ya kira Dogo sau uku, wayar na shiga ba a ɗauka. Ya kira Oga, sai ya ji wayar tana kuka a bayansa, a kan benci, ƙarƙashin hular da Ogan ya manta.

Mai walda na maƙwabta ya lura da shi, ya kashe wutarsa ya zo. Da ya ga fil ɗin sai ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai wannan ba yau zai nuna ba, motoci nawa ke yawo a garin nan da waya a maimakon fil. Ya rage murya ya ba shi shawara ta tsakani da Allah: ya jefa shi a aljihu, in Dogo ya dawo jibi a san dabarar da za a mayar ba tare da kowa ya sani ba. In kuwa Oga ya ji, wata goma sha ɗaya sun tafi a banza, kuma babu garejin da zai sake ɗaukar mai furfura ya koya masa aiki.

Gaskiya ya faɗa, kuma Likita ya san gaskiya ce. Ya tuna fuskar yayarsa, ya tuna matarsa da sai kwanan nan ta fara wanke masa kayan aiki ba tare da tsaki ba. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron a kore shi, har ya ji kunyar kansa da wannan ne ya fara zuwa masa kafin tsoron gangarar. Fil ɗin ma har ya kai bakin aljihu.

"Ara mini babur ɗinka," ya ce wa mai walda.

Mai walda ya dube shi, ya dubi fil ɗin, ya miƙa makulli yana girgiza kai.

Tsakanin garejin da tasha ba nisa, amma ranar kowa ya fito. Wata babbar mota ta tokare mahaɗa tana ƙoƙarin juyawa, Likita ya bi ta gefen kwata, jakar kayan aiki tana dukan bayansa. Ya riƙa lissafi a zuci: minti nawa ake cika mota, minti nawa daga tasha zuwa gangara. Duk yadda ya juya lissafin ba ya yi masa daɗi.

Ya tarar da motar a bakin ƙofar fita, cike maƙil, an ɗaure kaya a sama, injin na aiki, ɗan kamasho yana buga mata baya alamar a tafi. Likita ya gitta babur ɗin a gabanta ya sauka. Dogo ya danna ham, ya leƙo da kai, da ya gane ko wane ne sai ya ce wa fasinjoji ga likitan motarsa nan ya biyo su da magani. Wasu suka yi dariya.

Da akwai hanya mai sauƙi. Yana iya cewa noti yake so ya ƙara ɗaurewa, ya rufa wa kansa asiri. Amma don noti ɗaya babu direban da zai sauke mutum goma sha takwas, shi kuma ba zai ɗaga mota da mutane a ciki ba. Ya ɗaga fil ɗin sama yadda na gaba da na baya za su gani.

"Wannan na birkinka ne, Dogo. Ni na manta ban mayar ba. Motar nan ba za ta fita ba sai na sa shi."

Dariyar ta ɗauke. Dogo ya sauko a hankali, abin da ba a saba gani ba, ya tambaye shi wace taya. Likita ya ce bai sani ba, sai ya buɗe. Nan fa tashar ta ɗauka. Ɗan kamasho ya ce a kawar da babur, wani mai jaka ya ce yana da ganawa ƙarfe biyu, wata dattijuwa da ke riƙe da kwando ta tambaya ko babu makanikai na gaske ne a garin. Likita dai bai matsa ba. A ƙarshe wata mai goyo ce ta fara sauka, sauran suka biyo ta suna mita.

Ya shimfiɗa koren ƙyallen a kan ƙasar tasha, a gaban kowa. Ya fara da tayar dama. Noti shida, ya jera su. Ya zare tayar, ya leƙa, sai ga fil a mazauninsa daram.

Dogo ya gani. Ya juya ya sanar da jama'a cewa komai lafiya, mutumin nan dai asibiti ya koro shi ya zo yana gwaji a kan bayin Allah. Ya ce a mayar masa da tayarsa, ba za a taɓa ɗayar ba. Gumi ya riƙa shiga idon Likita. Shakka ta shige shi a karon farko: in fa fil ɗin na wata mota ne ta jiya, ya maƙale a ƙyallen? In haka ne ya tozarta kansa a gaban tasha guda a kan babu. Ya mayar da tayar, ya ɗaure noti shida yana ƙirgawa a fili, ya ja jak ɗin ya zagaya hagu. Dogo ya tsaya masa a gaba.

"Na ce ya isa."

"Saura ɗaya. In na buɗe babu komai, ka yi mini duk abin da ka ga dama."

Suka tsaya suna kallon juna. Mai goyon nan ce ta ce, ba da ƙarfi ba, ita dai ba za ta koma ciki ba sai an buɗe. Dogo ya ja tsaki ya kauce.

Noti shida. Tayar ta fito. Ramin da fil ke shiga yana nan wayam, sandar kuwa ta riga ta zaro kusan faɗin yatsa, daga gareji zuwa tasha kawai. Jikin Likita ya kare wurin, ba wanda ya gani sai shi. Da ya ga dama, da sai ya tura ta da babban yatsa ya soka fil ɗin, shi ke nan, ya miƙe ya ce an gama. Amma bai taɓa ta ba. Ya kira Dogo ya ce ya durƙusa ya duba.

Dogo ya durƙusa. Ya sa yatsa ya ɗan ja sandar, ta biyo shi ba gardama. Shekara ashirin yana sauka gangarar nan, ba ya bukatar bayani. Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe.

"Sa shi," ya ce. Bayan an sa, an ɗaure, an sauke jak, ya ƙara da cewa, "Kada in sake ganin hannunka a jikin motata."

Likita ya ce to. Fasinjoji suka koma ciki suna ƙorafin awa guda da aka ɓata musu, dattijuwar mai kwando ta harare shi ta taga har motar ta fice. A tsohon aikinsa dangin wanda aka ceto sukan biyo mutum har bakin ƙofa da godiya. Ya kakkaɓe ƙyallen, ya duba gaba da baya, ya ninke.

Da ya koma ya tarar Oga ya dawo, yana tsugune a gefen wata ƙaramar mota, kwanonsa a kusa da shi. Mai walda ya karɓi makullinsa yana kauce wa ido, wanda ya nuna labari ya riga ya iso. Likita ya ajiye jaka ya tsaya yana jiran hukunci. Oga bai ɗago ba. Ya kwance noti, ya jefa a kwano, ya kwance wani.

"A gaban mutane ka faɗa?"

"E, Oga."

"Dogo motoci huɗu yake kawo mini, tasa da na 'yan'uwansa."

"Na sani."

Oga, sifana a hannu, ya kalli cikin kwanon, inda notoci da fil-fil na motar yau suka cakuɗe da na motocin da shi kansa ba zai tuna ba. Ya sa yatsa ya motsa su, ya daɗe yana motsawa. Sai ya miƙa hannu ya jawo wani tsohon tsumma daga kan benci, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa a ƙasa, ya shiga tsamo na motar yau ɗaya-ɗaya.

"Kai da kake tsaye kamar an dasa ka," ya ce, har yanzu bai dube shi ba. "Daga dama ake fara jerawa ko daga hagu?"