Shahon Keso

Zoben da malamin daji ya kawo wa Kaka Jemal guda ɗaya ne, ɗan ƙarfe mai lamba, wanda in aka matse shi a ƙafar tsuntsu ba ya sake buɗuwa. A da, in Satumba ta kama shahuna suka fara ratsowa ta saman tudunmu za su kudu, Kaka yakan kama huɗu ko biyar ya raba wa 'ya'ya da maƙwabta, kowa ya horar da nasa a yi farautar salwa, a sake su kafin sanyi. Bana doka ta ce mai lasisi ɗaya shaho ɗaya, kuma sai ɗan bana, wanda aka ƙyanƙyashe a shekarar. Ni na karanta masa takardar, yana ta tsaki.

"To, ɗaya ne," in ji shi. "Wanda ke riƙe da sanda lokacin da shahon ya faɗa raga, nasa ne. Haka muka gada."

A raina na san nawa ne. Wa kuma zai riƙe sandar? Ni na yi renon gajo. Gajo ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, mai lanƙwasasshen baki, shi ake ɗaurewa a kan doguwar sanda ya yi ta fiffika a bayan raga har shaho ya hango shi ya kawo sura. Duk watan Agusta ina tonon gyare a bayan garken shanu saboda shi, ni da nake tsoron ƙwaro. Ya cije ni har yatsuna suka yi tabo. Daga baya ya saba, ina karatu yana cin nama a hannuna.

Sai ga Keso ta sauka daga bas da farin takalmi. 'Yar kawuna ce daga birnin Batumi, shekarunmu ɗaya, amma ita in ta yi dariya kowa sai ya waiwayo. Kaka na ganin ta ya manta da ciwon gwiwa.

"Ga 'yar birni! Kin zo ki ci mana cuku ki gudu?"

"Na zo in kama shaho, tsoho. An ce idonka ya daina gani."

Ya yi ta dariya har da tari. Da ni na faɗi haka, da sai ya kwana bai kula ni ba.

Washegari da sassafe muka hau tudu mu uku. Bukkar ganye ce Kaka ya yi a gefen gangare, ragar na tsaye a gabanta tsakanin gora biyu, teku can ƙasa. Na rufe wa gajo idanu da 'yar fata don kada ya ga abin da ke zuwa ya firgita, na ɗaure shi a kan sanda. Ina shirin zama a bakin bukka, Kaka ya taɓa kafaɗata.

"Tekla, baƙuwa ce. A fara ba ta."

"Amma Kaka, ba ta san yadda..."

"Mene ne a ciki?" in ji Keso. "Girgiza sanda? Kawo, malama."

Na ba ta. Na koma can cikin bukka inda ba a ganin komai sai bayansu. Ta riƙe sandar kamar tsintsiya, tana wujijjiga min tsuntsu, Kaka kuwa yana cewa madalla da wannan hannu. Na yi addu'a kada komai ya zo.

Ba a jima ba Kaka ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗaga. Ƙara. Kada ki tsaya." Sai ji na yi wani abu ya daki raga, gorar ta lanƙwasa, Keso ta saki ihu. Kaka ya fitar da shahon, ya naɗe shi a hankici, kai da ƙafafu kawai a waje. Babba ne, bayansa ruwan toka, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Kaka ya zaro zobe da filaya daga aljihu. Tabaransa kuwa ya bar shi a gida, don ba ya yarda ya sa shi a gaban Keso.

Na matso, na ga idon tsuntsun. Sai wani daɗi ya kama ni.

"Kaka, tsaya. Ba ɗan bana ba ne."

"Ji ta!" in ji Keso. "Tun da safe take kumbure-kumbure. Baƙin ciki ne kawai, Kaka, matse min zobena."

"Tekla, ba kyau," in ji Kaka, bai ko kalle ni ba.

Na nuna Keso. "Tambaye ta launin idonsa."

"Kamar ɓawon lemo nunanne," in ji Keso da alfahari. "Ka ga kyau?"

Kaka ya ajiye filayar. Idon ɗan bana rawaya ne mai haske, sai shaho ya shekara yake nuna haka. Ya kawo tsuntsun dab da hancinsa, ya shafa gashin bayansa da babban yatsa. In malamin daji ya ga zobe a ƙafar wannan, da tsuntsun da lasisin duk zai tafi da su. Kaka ya kwance hankicin, ya buɗe hannu. Shahon ya bi gangare ya ɓace.

Keso ta zauna a ƙasa tana kuka, farin takalmin ya yi kaca-kaca. Kaka ya miƙo min sandar.

Na zauna a bakin bukka. Na ɗaga sandar a hankali yadda na saba, gajo ya buɗe fiffike, ya sauka, ya sake tashi. Rana ta ɗaga, har na fara jin yunwa, kafin Kaka ya ce, "Ga shi nan daga hagu. Ci gaba."

Na gan shi, yana tahowa ƙasa-ƙasa ta saman ciyawa, gashinsa jaja-jaja, ɗan bana sosai. Na san akwai raga a tsakaninsu. Na sani sarai. Amma da na ga ƙafafun sun miƙo gaba, ga gajona ido a rufe yana fiffika bai san komai ba, sai hannuna ya fizgo sandar cikin bukka. Shahon ya ga babu abin sura, ya karkace ya haye sama.

"Kai, Tekla!" Kaka ya buga hularsa a gwiwa. "Saura taki biyu!"

"Ta ji tausayin ɗanta," in ji Keso tana share hanci. Har ta fara dariya.

Bi da bi ake yi, don haka sandar ta koma hannunta. Ita ba ta san gajon ba, ba ruwanta da shi. Wajen azahar wani ya zo, ta ci gaba da girgizawa har ya faɗa raga. Wannan karon Kaka ni ya kira.

"Duba mana idon, tunda ke ce alƙali."

Na duba sosai, na daɗe ina dubawa. Na duba ƙirji, na duba baya.

"Ɗan bana ne," na ce.

Filayar ta yi ƙas a kan zoben.

Sabon shaho sai an wuni da shi a hannu, ana yawo da shi cikin mutane, kafin ya saba. Keso ta yi yini biyu tana yi, ta ɗauki hotuna, ranar Lahadi ta hau bas saboda makaranta. Gwiwar Kaka ba ta yawo. Ya sa min safar hannu ta fata, ya ɗora tsuntsun a hannuna.

"Riƙe mata shi, sai ta zo ƙarshen mako."

Na gangara da shi cikin gari bayan la'asar. Ba shi da nauyi, amma faratansa suna ratsa fatar. Tsofaffin da ke zaune a ƙofar shago suka bar wasan dara suka kewaye ni, wani ya duba zoben, wani ya hura gashin ƙirjin.

"Kai, wannan zai ci salwa! Jikar Jemal, ke kika kama shi?"

"A'a," na ce. "Na Keso ne."

"Wace ce Keso?"

"Ta Batumi."

"Au, mai dariyar nan! Ashe yarinyar tana da hannu."

Shahon ya yi fiffika ya yi reto a igiyar da aka ɗaura masa a ƙafa, kai a ƙasa. Na tallafo ƙirjinsa na mayar da shi bisa hannuna, na ci gaba da tafiya.