Yarinyar da Aka Kawo daga Mungadi

Sau uku Malam Waliyyu yana kai hannu kan ƙafar, sau uku yana janyewa. Shekara ashirin da shida yana ɗori a Aliero, ana kawo masa masu karaya daga Jega da Maiyama har da Nijar, bai taɓa janye hannu ba sai yau. Wadda ke kwance a tabarmar zauren autarsa ce, Raihanatu, 'yar shekara goma sha ɗaya. Motar albasa ce ta ja da baya ta banke ta tana dawowa daga makaranta. Ƙwaurin hagu ya karye, tafin ƙafar ya juya waje.

"Baba, don Allah ka bari. Baba, kar ka taɓa."

Duk "Baba" ɗin da ta faɗa sai ya ji ƙarfinsa ya zube. Ya shafa yatsun ƙafar, ya ji sun fara sanyi. Ya san abin da hakan ke nufi: ƙashin ya danne hanyar jini, in ba a miƙe shi yanzu ba, ƙafar na iya mutuwa.

"A kiro Rufa'i," in ji shi, yana nufin ƙanensa da suka koyi ɗorin tare.

"Ya tahi kasuwar Jega. Sau huɗu ina kiran wayarsa, ba ta shiga," in ji Gudiya, yayarsa, wadda ke riƙe masa mata in zai yi musu ɗori.

"To a nemo mota mu kai ta asibiti."

"Za a kai ta. Amma ka ji yatsun da hannunka. Suna jiran mota?"

Ya zauna dirshan a ƙasa. "Yaya, ba ni iyawa. Ɗiyata ce. In na ja ta yi ƙara, saki zan yi. In kuwa na saki a tsakiya, na nakasa ta da hannuna."

Gudiya ta cire mayafinta ta lulluɓe yarinyar daga kai zuwa gwiwa, ta sunkuya ta yi mata raɗa mai tsawo a kunne. Sannan ta fita, ta juyo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum, Malam. Wata yarinya muka kawo daga Mungadi, mota ta buge ta. Ubanta na waje, ya kasa shigowa."

Ya dube ta kamar zai ce ta zautu. Sai ya sauke ido, bai ga komai ba sai ƙafa ɗaya karyayya a kan tabarma.

"Wa alaikumus salam," ya amsa a hankali. "Riƙe mata gwiwa."

Ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa wani faɗa. "Waliyyu, irin wagga ka ɗora ta fi ɗari. Dubi ƙashi. Nan ne, ga shi nan." Ya yi bisimilla, ya kama diddigen, ya ja.

Ƙarar da ta fito daga ƙarƙashin mayafin har bakin titi an ji ta. "Wayyo, Malam. Wayyo ƙafata."

"Yi haƙuri, yarinya, saura kaɗan," ya ce, yadda yake gaya wa 'ya'yan kowa. Bai saki ba sai da ya ji ƙashin ya koma mazauninsa. Ya jera kara, ya naɗe da bandeji, ya riƙe yatsun a tafinsa yana jira. Can sai ɗumi ya fara dawowa.

"Malam," in ji muryar, a dushe. "In an gama, a ce wa babana ya shigo."

Malam Waliyyu ya tashi ya fita. Ya jingina da bango cikin rana, ya daɗe a haka. Sannan ya share fuska da hularsa, ya yi sallama ya shiga.