Nishin Bayan Bango

"Daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba ciwon?" likitar ta tambaya.

Birkila ya saci kallon matarsa da ke zaune gefensa, ya ce, "Uku."

"Ƙarya yake yi, likita," Mai Ɗinki ta ce daga bakin ƙofa. Maƙwabciyarsu ce, rakiya kawai ta yo. "Ki rubuta goma."

To, ita ta san abin da ta sani. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nasu, siriri, shi Birkilan ne ma ya gina shi tun yana da ƙarfinsa. Shekara tara ke nan ciwo ya riƙe shi daga ƙugu har tafin ƙafa. An ɗauki hoto, an ɗebi jini, kullum amsa ɗaya: ba a ga komai ba. Wansa, da suke aikin gini tare, ya ce lalaci ne, ya ɗauki wani a madadinsa. Mutanen layi suka daina zuwa dubiya. Wa zai duba wanda asibiti ya ce lafiyarsa lau? In ya fito yana dafa bango, mai faci ya ce, "Sarkin hutu, an tashi?" Shi ma sai ya taya su dariya. Mai Ɗinki ma ta taɓa darawa, ba za a ɓoye ba.

Sai da ta dawo da keken ɗinkinta gida ta gane. Ƙarfe bakwai matarsa take fita sharar makaranta. Ƙofa na rufuwa, nishi zai fara, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan buhu a kan siminti. Ƙarfe biyu, da jin takun matar, sai ya ɗauke ɗif. Wata rana ya ƙwanƙwasa bangon ya ce, "Iya, kina ji na ne?"

"Me zan ji? Keke ya cika min kunne."

Shekara huɗu tana rufa masa wannan asirin, sai yau a gaban likita ya suɓuce mata. Matar ta juya tana kallon mijinta, shi kuwa yana kallon takalminsa.

Likitar, yarinya ce sabuwar zuwa, ta ajiye biro. "Baba, ciwon da ya daɗe haka, ko hoto bai nuna komai ba, shi kansa cuta ne. Yana cikin littafinmu yanzu, da sunansa."

"Za ki iya rubuta min?"

"Magani?"

"A'a, sunan. Akwai wanda zan nuna wa."

Ta rubuta, ta buga hatimi, ta ce ya dawo bayan mako shida ya ga masu kula da irin wannan ciwo. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa cikin hularsa. A mota ya cire hular sau uku yana leƙawa.

Wan nasa ya tafi aiki wani gari, sai ƙarshen wata. Matar ta ce a kira shi a waya a karanta masa. Birkila ya ce a'a, da idonsa yake so ya ga hatimin.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da hantsi, Mai Ɗinki ta ji nishin ya canja. Ta shiga ta same shi a ƙasa, jini a gaban rigarsa. Ƙwayoyin da ya yi shekaru yana saye a kemis yana sha a ɓoye sun cinye masa ciki. Ta ɗora kansa a cinyarta tana kiran mutanen layi. Kafin mota ta zo, ya cika.

Ran kwana uku wan ya shigo tsakar gida karɓar gaisuwa. "Ashe ciwon ciki ne da shi," yake ce wa mutane. "Da ya faɗa ai da an nemi magani."

Mai Ɗinki ta karɓi hular a hannun matar, ta zaro takardar ta miƙa masa. "Ga saƙonka. Kai yake jira."

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya juya bayanta, ya ga babu komai.

"Ciwo mai daɗewa," ya ce. "To ai wannan ba cuta suka gano ba, Iya. Abin da yake faɗa ne suka rubuta masa."

Ta buɗe baki. Shekara huɗu na nishi suna cikin kunnenta, amma ta rasa ta inda za ta ɗauko su ta ajiye a gabansa. Wasu masu gaisuwa suka yi sallama, ya miƙo mata takardar ya juya wurinsu.

Matar ta koma aikinta daga baya. Ƙarfe bakwai ƙofa takan rufe kamar kullum, sai Mai Ɗinki ta ɗage ƙafa daga kan keke, allura tsaye a cikin yadi, ta karkata kunne wajen bangon.