Mai Tare Iska

A falon Inna akwai bango guda da ba a ganin fentinsa saboda hotunan Auta. Ga Auta ya sunkuya a kan keke, ga shi da hular kwano yana dariya, ga shi cikin 'yan ƙungiyarsu an jera su kamar 'yan makaranta. Lambobin yabon Yaya kuwa, waɗanda ya tara a gudun famfalaki shekara da shekaru, suna rataye a ƙusa guda bayan ƙofa tare da tsohuwar lema. In aka buɗe ƙofar da ƙarfi sai su yi ƙara, Inna ta ce, "Wai ƙarafan nan ba za ka kwashe su ba ne?"

Yaya gyaran firji yake yi, kuma hannunsa yana da kyau. Amma ko a shago bai tsira ba. Mutum zai kawo firjinsa, ya tsaya yana ƙare masa kallo, can sai ya ce, "Kai ba yayan yaron nan mai tseren keke ba ne?" Yaya ya ce shi ne, ya ci gaba da kwance kwamfireso. Bai taɓa zama ya kalli tseren ƙanensa a talabijin ba. In matarsa ta kunna, nan take yake tunawa akwai famfon da ke yoyo a bayan gida. Abu guda ne ke sanyaya masa rai: keke na Auta ne, amma gudu nasa ne. Kaf danginsu ba wanda ya taɓa ɗaura takalmi ya cinye kilomita arba'in da biyu da ƙafa sai shi.

To, wannan ɗin ma sai da aka zo aka taɓa masa.

Auta ya dawo hutun ƙarshen kakar tsere, ya tarar da Yaya kwance a kicin ɗin Inna, rabin jikinsa a bayan firji, sukundireba a baki. Ya tsuguna kusa da ƙafafunsa ya ce, "Yaya, na sa sunana a gudunku na bana. Kai za ka koya mini."

Kafin Yaya ya cire abin da ke bakinsa, Inna ta leƙo daga falo. "Gudun nan da ake tare hanyoyi saboda shi? Ashe bana za mu je kallo."

Bana za a je kallo! Duk shekarun nan Yaya yana gudun, Inna ba ta taɓa tambayar ko ina ake ƙarewa ba. In ya yi mata tayi, sai ta ce rana, sai ta ce gwiwa. Yau Auta ya buɗe baki, rana ta yi sanyi, gwiwa ta warke. Yaya ya san sunan abin da yake ji, ƙyashi ne tsagwaronsa. A bayan firjin nan, cikin ƙura da yanar gizo, ya yi wa kansa alkawari: tunda Inna za ta zo, sai ta ga ya shigo kafin Auta, ko da kuwa da rarrafe ne.

"Ba damuwa," ya ce. "Gobe da sassafe."

Ranar farko ta yi wa Yaya daɗi. Auta bai iya gudu ba ko kaɗan. A duƙe yake tafiya kamar har yanzu yana riƙe da kan keke, ƙafafunsa suna faɗuwa a kwalta fat-fat. Sai dai daɗin bai kai ƙarshen layi ba, domin yaron ba ya haki. Sun hau gangaren bayan kasuwa, inda Yaya ke jin huhunsa kamar zai fito, Auta kuwa yana ba shi labarin wani abokin tserensa da ya manta takalmi a otal. Mutumin da ya saba wuni a kan sirdi, me gudun safe zai yi wa zuciyarsa?

Abin da ya fi ƙona wa Yaya rai shi ne shiga gaba. Da sun fito babban titi, Auta zai zamo ya tsaya masa a gaba daidai, taku ɗaya tsakaninsu, Yaya ba ya ganin komai sai bayan riga. In akwai rami, ya nuna ƙasa da yatsa. In akwai mota a ajiye, ya karkaɗa hannu ta baya. Titin da Yaya ya san kowane raminsa tun Auta yana da majina, yau shi ake nuna wa hanya. Sannan can an jima sai ya riƙa motsa gwiwar hannunsa waje, sau ɗaya, sau biyu. Yaya ya fassara abin da kansa: taho mana, tsoho.

"Yaron nan raina ni yake yi," ya ce da matarsa, yana cire safa.

"Ka tambaye shi?"

"In tambaye shi me? Ba ni da ido ne?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Ni dai a tserensu ma haka nake ganinsa. Kullum yana gaba, kowa a bayansa, sai an kusa ƙarewa a neme shi a rasa."

"Yauwa," in ji Yaya, fuskarsa ta washe. "Mai gaggawa ne. Ƙarewa yake yi." Bai ƙara tambayar komai ba, don amsar ta yi masa daidai.

Wata safiya, ana saura 'yan makonni, Auta ya tsaya a bakin wani shagon ɗinki da ba a buɗe ba, ya zauna a dakali ya naɗe wando. Ya ɗora yatsa guda a ƙwaurinsa na hagu. "Yaya, nan wurin yana damuna. Nan daidai. Da safe ma in na taka sai na ji shi."

Yaya ya kalli yatsan. Ciwon da yatsa guda ke iya rufewa ba na tsoka ba ne, na ƙashi ne, kuma ya sha ganin masu gudu da suka yi wasa da shi. Ya kuma san dalili. Zuciyar ɗan keke ta fi ƙarfin ƙasusuwansa, domin shekaru ƙafarsa tana juya feda ba ta dukan ƙasa. Sabon shiga, numfashi ne ke tsayar da shi kafin ƙashi ya gaji. Auta kuwa ba abin da zai tsayar da shi sai an faɗa masa. Maganar gajeriya ce: ka huta, ka bar gudun bana.

Amma in Auta ya fasa, Inna ma ta fasa. Kuma har abada za a riƙa cewa, ai da Auta ya shiga, da ya bar yayansa a baya. Yaya yana son Auta a cikin gudun. Abin da ba ya so shi ne Auta da ƙafa biyu lafiyayyu. Duk wannan ya ratsa kansa kafin mai shagon da ke maƙwabtaka ya gama ɗaga ƙofarsa.

"Kowa yana jin wannan," ya ce. "Ka shafa man zafi. In ka biye wa ƙafa ba za ka yi gudu ba."

Auta ya dube shi ɗan lokaci, sannan ya sauke wandon. "To, Yaya."

Ranar gudun gari ya wayi da iska. Suka tashi cikin cincirindon mutane, aka bi ta tsakiyar gari, aka zagaya ta bayan tashar jirgi. Yaya yana jin ƙarfi a jikinsa, Auta yana gefensa shiru, yau ba labari. Daga nan hanya ta miƙe ta bakin kogi, doguwa, ba gini ba bishiya. Nan ne makabartar Yaya. Kowace shekara a nan iska ke dukan ƙirjinsa har ƙafafu su yi nauyi, ya riƙa kallon mutane suna wuce shi.

Suna karya kwana iskar ta mare su. Auta ya zamo ya shiga gabansa.

Haushi ya sa Yaya ya manne masa a baya, har yana kusan taka masa dunduniya. Bari ya ƙare, ya ce a ransa, ina nan. Sai can ya lura da wani abu. Rigar mutumin da ke gefensu tana kaɗawa kamar tuta, mutumin ya duƙa yana fama, shi kuwa tasa rigar a kwance take. Iskar tana bugun Auta ta rabe gida biyu ta wuce. Ya lura da abu na biyu, wanda ya fi son kada ya gani: Auta ba ya yarda ƙafar hagu ta daɗe a ƙasa. Yana taka ta kamar mai taka garwashi, wuyansa ya yi sharkaf, amma bai rage gudu ba. Da suka zo wani rami, ya nuna ƙasa da yatsa.

Haka suka cinye bakin kogin. Su ne ke wuce mutane.

Da hanya ta sake shiga cikin gari, aka fara jin lasifika daga wurin ƙarewa, Auta ya motsa gwiwar hannunsa. Yaya ya cije. Ya sake motsawa. Sannan ya waiwayo, fuskarsa a yamutse, ya daka tsawa.

"Wuce mana, Yaya! Aikina ya ƙare, wuce!"

Ya kauce gefe, Yaya ya wuce. Ƙafafunsa suna da sauran ƙarfin da bai taɓa kawowa nan da shi ba, ya zuba shi duka. Da ya ɗaga kai ya ga agogon da ke saman ƙofar ƙarewa, sai da ya sake dubawa, don bai taɓa shigowa da wuri haka ba tun yana saurayi. Aka rataya masa lamba. Ga Inna a jikin shinge, riƙe da tsohuwar lemar nan ta bayan ƙofa, tana kiran sunansa har muryarta ta dushe.

"Ashe haka kake gudu?" ta ce, tana shafa masa fuska da gefen mayafinta. "Ashe haka abin yake, ban sani ba?"

Shekaru yake jiran wannan maganar, kuma ta yi daɗi, ba ƙarya. Daɗin ya kai kamar numfashi uku.

"Ina ƙanenka?" ta ce.

Masu agaji ne suka kawo shi, mutum biyu suna riƙe da shi, ƙafar hagu a sama.

A asibiti aka ba su keken marasa lafiya, aka ɗauki hoton ƙafar, aka ce su jira. Inna ta tafi neman ruwa. Yaya yana tsaye a bayan keken, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Me ya sa kake shiga gabana?" ya ce a ƙarshe.

Auta ya yi 'yar dariya. "Ai shi ne sana'ata, Yaya. Ka ɗauka ni nake cin tseren? Ban taɓa cin ko ɗaya ba. A ƙungiya akwai wanda ake so ya ci, mu kuma mu tare masa iska, mu nuna masa rami, mu kawo masa ruwa. In ƙarfina ya ƙare in yi masa haka," ya motsa gwiwar hannu, "ya wuce, ni kuma in lallaɓa in ƙarasa. Shekara nawa ina yi wa 'ya'yan wasu. Matarka ta ce mini kullum bakin kogi ne ke kayar da kai, na ce bari in yi wa nawa sau ɗaya." Ya ɗan juyo. "Kullum da safe ina yi maka alama ka karɓi gaba, ba ka karɓa. Na ce ko girman kai ne irin na manya."

Yaya ya damƙe mariƙin keken. Lambar tana aljihunsa, yana jin sanyinta a cinya.

Likita ta kira su daidai lokacin da Inna ta dawo. Ta ɗaga hoton a jikin fitila ta nuna wani siririn layi da biro. Ƙashin ya tsage. Watanni zai yi bai hau keke ba, farkon kakar tsere ya wuce shi ke nan. Auta ya tambaya ko da ɗan juyawa a hankali, ta girgiza kai. Ya sunkuyar da kai, domin ya fi kowa sanin yara nawa ke jiran gurbinsa a ƙungiya.

"Wannan ba yau ya fara ba," in ji likitar, ta cire tabarau. "Ya daɗe yana yi maka magana. Ba wanda ya ce maka ka tsaya?"

"Yayana ya hana ni," Auta ya ce. "Ni ne na ƙi ji."

Inna ta tafa hannu. "Ka ji ko? Tun yana ƙarami haka yake, kunnen ƙashi. Ga yayanka da ya san abin nan ciki da bai, ya faɗa maka, ka yi biris. To ga shi nan." Ta juyo wurin Yaya. "Kai kuma ka ba ni lambar nan. Hoto guda zan sauke in rataya ta a wurin."

Yaya ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, gajeriya kamar waccan da bai faɗa ba a bakin shagon ɗinki. Auta bai waiwayo ba. Ya dai motsa gwiwar hannunsa waje, sau ɗaya.

Wannan karon Yaya ya san abin da ake nufi: wuce kawai, bar maganar. Ya ciro lambar ya miƙa wa Inna, ya kama keken da hannu biyu, ya tura ƙanensa a gaba suka fita.