Yafiyar da Baba Barau Ya Nema

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba.

Na fito zan kai wa maƙwabcinmu Baba Barau kunu, na tarar mazan layinmu na Takur sun kewaye rediyo a gindin darbejiya. Shekarar da aka auka wa Iraƙi ce.

"Ƙarya ce! Ina makaman ƙare dangin?" in ji Malam Sharhabilu, limaminmu.

"Sai an harbo maka za ka yarda, Malam?" Jaji tela ya ce. "In an kashe dubu aka tsirar da miliyan, ai an ci riba."

Baba Barau tsohon soja ne, ba mata ba ɗa. Daga gefe ya ce, "Jaji, ka taɓa ganin dubun a kwance?"

Aka yi dariya, aka ƙara muryar rediyo.

Bayan sati biyu ciwo ya kwantar da shi. Da ya ga jiki ya ƙi, ya sa aka kira maƙwabta ya nemi yafiya, kamar yadda aka saba. Kowa ya ce, "Ba ka yi mana komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Suka watse.

Ni kaɗai na rage, ina tattara kwanuka.

"Afra'u, ke mai karatu ce. Zauna."

Na durƙusa.

"A yaƙin basasa igwa nake harbawa. Aka ce mana an ɓoye makamai a wani gari. Tun hantsi muke ruwan wuta. Da muka shiga, ashe kasuwa ce ke ci. Mata ne da kwandunan doya." Ya yi tari. "Ko sunan garin ban riƙe ba. Waɗannan da suka yafe mini, me na yi musu? Su kuwa na can, wa zan aika wa?"

Na ce, "Allah mai gafara ne, Baba."

"Na sani, jikata. Ke dai ki tsaya a madadinsu. Ki ce kin yafe."

A Islamiyya an koya mana haƙƙin mutum ba mai yafe shi sai mai shi. Har shafin littafin nake gani a idona. Ya jira, ya jira, sannan ya juya fuskarsa bango.

"Gaskiyarki," ya ce. "Tafi da kwanukan."

Washegari bayan azahar ya cika.

A wurin makoki na ji Iya Kubura, mai gidan da yake haya, tana cewa, "Bawan Allah, ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kira Jaji."

Na matsa bakin ƙofar ɗakinsa. An naɗe tabarmar, an jingine ta a lungu. Na buɗe baki in ce na yafe, kalmar dai ta ƙi fitowa. Na ɗauki takalmana a hannu na zame ta zaure, ba wadda ta ɗago kai.