Aljihun Tela

"Saki almakashin nan, Tela, hannunka rawa yake!" na ce masa.

Bai saki ba. Yana jingine da filo, rigarsa a naɗe har ƙirji, faifan manne biyu da ya ɓata suna yashe a kan zanin gado. Saura guda ɗaya tak a kwalin, sababbin kuma ba su iso ba. Matarsa ce ta aika aka kira ni daga shagon aski, na bar mutum da rabin kai.

Tun da aka yi masa aiki aka fito masa da bakin hanji ta gefen ciki, bayan gidansa a jaka yake sauka. Jakar kuwa a jikin faifan take maƙalewa, sai an yanke masa rami daidai bakin hanjin. In ramin ya yi faɗi, ya yi yoyo ya ci fata. In ya matse, jini. Shi yake yankan kayansa, bai taɓa bari ko matarsa ta gwada ba. "Aljihu" yake ce wa jakar. Wai ya ƙare rayuwa yana ɗinka wa mutane aljihu, ga shi likita ya ɗinka masa nasa, a karkace ma.

"Su jikarka suna hanya," in ji matar daga bakin ƙofa. "Sun ce sun kusa."

'Yarsu ce za ta kawo jikarsa. Tun aikin yake hana a kawo yarinyar, don kada ta hau cinyarsa abu ya ɓaci ta ƙyamace shi. Yanzu da jiki ya ƙi, shi da bakinsa ya ce a kawo ta.

Ya dube ni, ya dubi hannunsa. Sannan ya miƙo mini almakashin ta wajen mariƙi.

"Mai aski, wannan ba kan mutane ba ne. In ka zarce ba ya tsirowa."

"Ka taɓa ganin na zarce?"

"Kunnena shaida ne."

Wallahi tsoro ya kama ni. Na ɗauko kwalin da yake awo da shi zan zana, ya buge mini hannu.

"Wancan awon da ne, wurin ya kumbura. Duba da idonka."

Shekara da shekaru muna katanga ɗaya, ban taɓa ganin wurin ba. Ja ne, da danshi, fatar gefensa ta saɓule. Na duba da kyau. Na soma yanka, gumi na shiga mini ido, shi kuma sai faɗa yake: "Juya faifan, ba almakashin ba! A hankali mana, ba gemu ba ne." Matar ta goge wurin ta busar, na ɗora, ya danne da tafinsa. Muna maƙala jakar, matar ta zura mata wani ƙyalle ta sauke masa riga, sai muka ji tsayuwar mota.

Yarinyar ta shigo da gudu ta faɗa kansa, gwiwarta dab da wurin.

"Kaka, an ce an yi maka sabon aljihu! Me ke ciki?"

Kafin kowa ya motsa hannunta ya shige ƙarƙashin rigar. Uwar ta yi ƙara. Sai ga yarinya ta zaro alewa. Ashe tun yana iya taka keken ɗinki ya ɗinka wa jakar riga, ya yi mata ɗan aljihu na gaske a gaba.

Ta sha alewarta, ta yi surutu har barci ya ɗauke ta a ƙirjinsa. Bai motsa ba, hannunsa na tsakanin gwiwarta da cikinsa. Ya ɗaga mini gira.

"Ya riƙe?"

Na leƙa. "Ya riƙe."

Bai kai ƙarshen makon ba, da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Da na shiga, na tarar da matar zaune a gefen keken ɗinki, almakashinsa a hannunta.

"Yaya, sai haƙuri."

"Jiya ya yarda ya koya mini," ta ce. "Ya ce na kusa iyawa."

Ba ta ɗago ba. Tana ta juya guntun kwali a hankali, ƙananan da'irori suna zubowa a kan zaninta.