Ruwan Albarka

Tambaya ta dangwarar da kwalbar a gaban Mai Unguwa Muhammadu Sani. Ruwan ciki kore shar, sai wari.

"Ranka ya daɗe, bisimilla. Sha."

"Haba Tambaya, lafiya?"

"Da lafiya za ka gan ni nan? Ƙafar Lukmanu ce ke ruɓewa a asibiti."

Lukmanu ɗanta ne, shi kaɗai Allah ya bar mata. Fartanya ce ta sare shi a ƙafar hagu yana ban ruwan albasa, bai fita daga kanal ba sai la'asar. Da ya dawo ta fasa kafso ja da yalo ta barbaɗa masa, yadda kowa ke yi a Bunkure. Ciwo ko gezau. Aka yi allurai, aka canja, aka sake canjawa. A Kano wata likita ta zaunar da ita.

"Baba, ƙwayoyin cutar nan sun saba da magani. Wane ruwa yake shiga?"

Ta faɗa mata, wanda lambatun gidan kajin Alhaji Hamma ke zubowa ciki. Likitar ta ce kajin kullum da irin wannan magani ake ba su ruwa, a wanke kashinsu a koro kanal. Cutar da ta tashi cikin magani, me zai yi mata?

Duk wannan Tambaya ta zayyana wa Mai Unguwa, ba ta rage ko ɗaya ba.

"Ka sa a toshe lambatun nan, shi ke nan abin da ya kawo ni."

Ya sosa ƙeya. "Kin san sunan da manoma suka sa masa. Ruwan albarka. Tun da aka fara sako shi ba wanda ya nemi takin yuriya. In na toshe, da wane ido zan kalli mutane?"

"Albarkar da ke cin naman mutum?"

"Yaya, ki yi haƙuri, ƙaddara ce," in ji Ibrahimu, ƙanin marigayi mijinta.

"Rufe min baki! Ƙaddara ce ta haƙa lambatu? Da shebur na ga masu haƙa shi, da idona!"

Mazan zauren suka sunkuyar da kai. Kowa gonarsa yake tunani. Ta bar musu kwalbar ta fita.

* * *

Ranar Laraba aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Asabar Tambaya ta tafi gonar, don albasa ba ta san jinya ba, kuma ita za su ci bana. Ta buɗe bakin fangali, koren ruwan ya kwararo. Tun da take ba ta taɓa ganin ganyen albasa mai kyan wannan ba.

A bakin kanal ta tarar da silifas ɗin Lukmanu inda ya tuɓe su ranar da ya ji ciwon. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ɗauki na dama, ta bar na hagu a wurin.